Na Je Kiribi Nemo wa Hajja Miji

Tun da na dawo daga Kamaru bakina bai huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona a Jimeta, ko taga ya kawo gyara ko madubi ya zo saya, sai ya ja benci ya ce, "Habu, wai da gaske har bakin teku ka je saboda kifi ɗaya?" Na faɗa, na sake faɗa, har na fara cakuɗa Garwa da Ngaundere. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, a bar ni in yanka gilashina lafiya. Masu cewa kaina ya taɓu kuma, na ji, na gode.

Da farko ku san wace ce Hajja, don wasu har sun fara yi mini barka da aure. Hajja kifi ce. Tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba, launin lemo da fararen ratsi uku, kuma ruwan gishiri kaɗai take rayuwa a ciki, in ka sa ta a Binuwai ba za ta kai azahar ba. Ta yayana ce, Hamma Sa'idu, wanda ya koyar da ilimin halittu a wata makaranta a Mubi. Su biyu ya ajiye, Hajja da Alhaji, a tankin gilashin da ni na haɗa masa. A shekarar da aka gudu daga Mubi, Hamma ya juye su a jarka, ya ɗora wa Goggo Nana, ƙanwar mahaifinmu da ke zaune a gidansa, ya ce ta bi jama'a, shi zai rufe gida ya biyo ta. Har yau bai biyo ta ba. Goggo ta iso sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi da jarka a ka, kifin biyu da ransu.

Allah bai ba Hamma haihuwa ba. Don haka kifin nan su ne abin da ya bar mana mai numfashi. Na haɗa musu tanki a falona, na sa sola saboda wutar garin nan kun san halinta, da shekaru suka tafi har na samu duwatsu da murjani mai rai. E, dangin murjanin da iyayenmu ke ratayawa a wuya, ashe halitta ce mai ci da girma a cikin ruwa. Ana nan, bayan babbar salla Alhaji ya mutu. Hajja ta shige bayan dutse, ta rage cin abinci, ta fara rama. Goggo, wadda ke zaune tare da mu, ita ma ta fara ture akushi. Sau biyu ina sa a turo mini kifi daga Legas ta motar dare, sau biyu ina buɗe leda in tarar da gawa. Sai na tuna wani tsohon littafin Hamma da ya bari a shagona, inda ya rubuta sunan matar da ya samo kifin a wurinta: Madam Solanj, a Kiribi, can bakin tekun Kamaru. Na nemo ta a waya da ƙyar. Abin mamaki ta ji Fulatanci, ta ce ta yi aiki a Garwa da ƙuruciyarta. Ta ce ita ba ta aika kifi a mota kamar buhun albasa, mai so ya zo ta ga idonsa. Na ce to, za ki gan shi.

Na fita da jaka ɗaya da katuwar kula babu komai a ciki. Daga tasha zuwa Fufore, daga Fufore zuwa Gurin, mutum huɗu ne suka tambaye ni ko akwai ruwan sanyi. Wani dattijo da ke gefena, Bappa Jauro, ɗan tireda mai kai atamfa Garwa, ya buɗe kular da kansa ya leƙa.

"Ɗana, an sace maka kaya tun ba mu bar Najeriya ba?"

"Bappa, kayan yana can, ɗauko shi zan je."

"Mene ne?"

"Kifi."

"Daga Yola za ka tafi neman kifi? Kai, jama'a, ku ji ikon Allah!"

Motar gaba ɗaya ta bushe da dariya. Tun daga nan sunana ya koma Sarkin Ruwa har muka rabu.

A Gurin muka tsallake kogin Faro a kwale-kwale, mu da mashin biyu da buhunan siminti, ruwa yana shafar gefen jirgi ni kuwa ina salati a ɓoye. A can tsallake, a iyakar Kamaru, na sha zaman farko. Katin rigakafin shawara ake nema, kuma ina da shi, amma matata ta taɓa wanke shi a aljihun riga, hatimin ya narke. Jami'in lafiyar ya juya katin sama da ƙasa, ya nuna mini wani benci a gindin mangwaro, ya ce in jira shugabansa. Awa uku na yi a bencin nan. Ni da ba na iya jiran tafasar shayi! Na tashi, na zauna, na yi masifa da Hausa, na yi da Fulatanci, mutumin yana ta cin gyaɗarsa. Bappa Jauro ne ya ƙi tafiya ya bar ni, ya zauna muna hira a kan tsadar atamfa har shugaban ya zo, ya kalli katin a rana, ya ce in wuce. Na yi wa Bappa godiya, ya ce ba komai, zaman benci ba ya kisa in da abokin hira. A lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba.

Garwa gida ce, sai dai a ce an canza kuɗi. Fulatancinsu namu ne, gaisuwarsu tamu ce, zafin ma namu ne. Abin da ya bambanta shi ne burodi. Dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi, kuma za ka ga babban mutum da rawani ya saƙalo shi a hammata tsirara, babu ko leda, yana gaisawa da jama'a. Tashar motarsu kuma ta ba ni kunya. Ka sayi tikiti, a rubuta sunanka, ka koma ka zauna. In lokaci ya yi sai wani ya tsaya a ƙofar mota yana kiran suna ɗaya ɗaya kamar a aji. Ni da na saba da tasharmu, ina ganin an buɗe ƙofa na ruga na kama kujerar taga, na ɗora kula a cinya. Aka sauko da ni a gaban kowa, wata tsohuwa tana cewa, "Ɗan Najeriya ne, ku yi masa haƙuri."

A Ngaundere na san na bar gida, domin sanyin garin ya shige ni har ƙashi, na sayi rigar gwanjo a bakin tasha. Daga nan jirgin ƙasa ne zuwa Yawunde, a shiga da yamma a sauka da hantsi. Kujerar da ke fuskantata ta wata mai sayar da zuma ce, Adda Fadi, mace mai faɗi da dariya, wadda ta ce sau biyu a wata take bin hanyar. Ita ta hana a cuce ni wajen canji, ita ce kuma ta cuce ni da abinci. Da safe a wata tasha mata suka yi ca a tagogi da wani abu dogo naɗe a ganye an ɗaure da zare. Adda Fadi ta ce rogo ne, sunansa bobolo, in ban ci ba ban zo kudu ba. Na kwance ganyen, wani tsami ya daki hancina, na ce wannan ai ya kwana biyu da lalacewa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka ake son sa. Na ci don kada in ji kunya. Kafin in bar ƙasar kuwa, wallahi, ni nake nemansa da kaina.

A Yawunde na kwana a unguwar Hausawa, gidan wani mahauci, Malam Tanko, wanda ya ce kakansa daga Kano ya zo da ƙafa. Hausarsu tsohuwa ce mai daɗi, sai dai kowace jimla da wutsiyar Faransanci. Bai taɓa ganina ba, Adda Fadi ce kawai ta haɗa mu, amma ya tashi ƙanensa daga ɗaki ya ba ni. Washegari ya raka ni tashar Kiribi, ya gargaɗe ni cewa a kudu in tambayi kowane nama sunansa kafin in kai baki.

Kun dame ni da tambayar teku. To, ruwa ne, ba shi da tsallake, kuma ba ya yin shiru. Na ɗiba na ɗanɗana, na tofar. Ba shi na je gani ba.

Gidan Madam Solanj yana bayan gari, kusa da inda masunta ke jan jiragensu. Doguwar tsohuwa ce da furfura, gilashi a kan hanci, muryarta ta shugabar makaranta. Na miƙa gaisuwa, ta amsa da "Jam," sannan ta nuna mini bokiti da sabulu ta ce in wanke hannu har gwiwa. Na ce Madam, da alwalata na zo. Ta ce alwala tsakanina da Allah ce, wannan tsakanina da kifinta ne.

Ɗakuna biyu ne a bayan gidan. Na farko tankuna ne masu murjani kala-kala, da irin su Hajja suna ta yawo, sai da na ji ƙwalla ta zo mini. Na biyu kuwa tankuna ne tsirara, babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba da kifi ke ɓuya a ciki. Kowane tanki da 'yar ragarsa, da tiyonsa, da takarda manne a jiki an rubuta kwanaki. Ta ce wannan ɗakin jira ne, duk kifin da ya shigo gidanta nan yake fara zama.

Sai ta tambaye ni, "Ina malamin nan mai yawan tambaya? Ya daina kirana."

Na gaya mata. Ta cire gilashinta, ta daɗe tana goge shi da bakin zane. Ta ce Hamma kwana biyar ya yi a gidanta, yana rubuta duk abin da ta faɗa, har sai da ta kore shi ya je ya ga gari. Da ta ji Hajja na raye, ta sa na maimaita mata labarin jarka sau biyu.

Ni na nuna wani ƙato mai sheƙi, na ce shi nake so. Ta ce a'a, ta kamo wani ɗan mitsitsi da bai kai rabin Hajja ba. Ta ce irin kifin nan mace ce babba kuma ita ke da gida. In aka kai mata wanda ya kai ta girma, faɗa za su yi har ɗaya ya mutu, amma ƙarami zai sunkuyar da kai a zauna lafiya. Na ce ashe har a teku haka abin yake. Ba ta yi dariya ba. Ta zuba shi a leda, ta riƙe bakin ledar, ta kalle ni ta saman gilashi.

"In ka isa gida, ina za ka sa shi?"

"Wurin Hajja mana. Don haka na zo."

Sai kawai ta kwance ledar ta mayar da kifin cikin tanki.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce Madam, kwana huɗu na yi a hanya, Hajja tana can tana ƙarewa, kifinki kuma lafiyarsa ƙalau, ga shi ina gani. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce abin da ido ke gani daban, abin da ke maƙale a maƙogwaron kifi daban. Akwai ƙwayar cuta da ke lafewa makonni ba alama, wahalar hanya ce ke tayar da ita, ta fito fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa gishiri. In ta shiga babban tanki ta shiga ke nan, domin maganinta na tagulla ne, yana kashe cutar yana kuma kashe murjani. Ƙaramin kifi mai ƙarfi zai iya tashi, amma tsohuwa mai rama irin Hajja ba za ta yi mako ba.

"Za ka ɗauko mata ajali daga Kiribi da hannunka, ka ce miji ka kawo mata," in ji ta.

Ta ce sati shida zai yi shi kaɗai a tanki tsirara, a wani ɗaki daban. Raga daban, tiyo daban, hannun da ya taɓa ruwansa kada ya taɓa na Hajja sai an wanke ya bushe. Kullum a zauna a kalle shi: yana ci, yana numfashi da sauri, yana goga jiki a bututu? In cuta ta fito, a yi magani, a fara ƙirga daga ɗaya. Na ce wato arba'in zai yi kamar mai jego. Ta ce arba'in da biyu, kuma ba ta rage ko ɗaya. Sai da na ɗaga hannu na yi mata alkawari da sunan Hamma kafin ta sake kamo shi. Da yamma ta ciyar da ni gasasshen kifi da wata miyar ganye mai ɗaci da gyaɗa, na tambayi sunan kowane abu kamar yadda Malam Tanko ya ce, ta ce in ci, ta san abin da Musulmi ke ci tun kafin a haife ni.

Dawowa ita ce ainihin tafiyar. Kifi a kula, ɗan famfon iska mai batir yana ta ɓurɓuri, jarkar ruwan teku lita ashirin don canji, da gorar ƙanƙara naɗe a tsumma saboda zafi. Kafin Yawunde jandarmomi sun buɗe kular sau uku. Na ukun ya kira abokan aikinsa su zo su ga ɗan Najeriya da ya ɗauko abin da ko miyar jariri ba zai yi ba. A motar kuma na ɗan yi gyangyaɗi, na farka na ga wata baiwar Allah tana marmasa masa burodi, wai ta ga yana jin yunwa. Na yi ihun da direba ya taka birki. Rabin ruwan na canza a bakin hanya, fasinjoji suna zagina da yare uku.

A jirgin ƙasa Allah ya sake haɗa ni da Adda Fadi, ta sayar da zumarta za ta koma. Gari ya waye, saura tafiya mai nisa zuwa Ngaundere, sai famfon ya yi shiru. Na sa sababbin batir, shiru. Ɗan kifin ya taso saman ruwa yana buɗe baki. Na cire tiyon na sa a bakina na fara hurawa. Na hura har idona ya fara ganin duhu, Adda Fadi ta fizge tiyon ta goge da mayafi ta karɓa. Daga ita sai wani soja mai hutu, daga shi sai wani fasto. Taragon nan gaba ɗaya ya koma layi, kowa yana jiran nasa, masu yara suna ɗaga su su ga kifin da ake hura wa iska. Sojan ne daga baya ya buɗe famfon da wuƙa ya gano waya ce ta tsinke, ya murɗa ta. Da ɓurɓurin ya dawo aka yi tafi kamar an ci ƙwallo.

A bakin Faro wani fasinja ya ga jarkata a inuwa, bai tambayi kowa ba ya tsiyaya a kofi ya kafa kai. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba, amma ya ambaci iyayena. Jami'in lafiyar nan na gindin mangwaro ya gane ni, ya leƙa kula, ya tambaya ko shi ma kifin yana da katin rigakafi. Na ce nasa bencin yana jiransa a Jimeta.

Na iso gida da la'asar, ranar da na cika kwana tara da fita. Goggo ta taso da sandarta ta leƙa kula, fuskarta ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Ta ce, "Barka da zuwa, Baƙo," sunan da ya bi shi ke nan. Sannan ta nufi falo tana cewa in zo in zuba shi, Hajja yau ko fitowa ba ta yi ba. Ni kuwa na wuce ɗakin ajiya na bayan gida, inda na sa matata ta share tun ina hanya. Na kafa ƙaramin tanki, na jefa guntun bututu biyu, na sa shi a ciki, na manna takarda na rubuta ɗaya. Goggo tana tsaye a bakin ƙofa. Na yi mata bayanin Madam tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe.

"Kwana nawa?"

"Arba'in da biyu, Goggo."

Ta kalli ɗakin, buhunan gawayi da tsohon keke, ta kalli kifin shi kaɗai a kusurwa.

"Ka iya wannan aikin, Habu," ta ce a hankali. "Ka saba."

Akwai abin da na tsallake a farkon labarin nan, kuma tunda na ce zan faɗa, bari in faɗa duka. Ranar da na samu Goggo a Malkohi, jarkar na karɓa na tafi da ita gida, domin kifin ba za su kwana a can ba. Goggo kuwa na bar ta. Ɗaki ɗaya nake haya a lokacin, mai gidan ya ce kada wanda ya kawo masa mutanen gudu, ba a san wanda ke cikinsu ba, ana kuma ta tantance mutane a sansanin. Duk wannan gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma ni ma tsoro nake ji, kuma ba na son kallon idonta, domin duk ta gan ni sai ta tambayi Hamma. Kwana ashirin da uku ta yi a can kafin in samu wani ɗaki. A cikinsu sau biyu na je. Shekara da shekaru muna gida ɗaya ba ta taɓa tayar da maganar ba sai ranar nan.

Duk da haka ban ɗaga kifin ba. Na yi alkawari da sunan Hamma.

Washegari da na dawo daga shago ban ga Goggo a falo ba. Na same ta a ɗakin ajiya, ta shimfiɗa tabarmarta tsakanin gawayi da keke, carbi a hannu, tana fuskantar tankin. Na ce Goggo, zafi zai kashe ki a nan. Ta ce in kawo mata mafici in rufe mata baki. Tun daga ranar, da safe tana wurin Hajja, tana lallaɓa ta da ɗan jatan lande da aka jiƙa da ruwan tafarnuwa kamar yadda Madam ta koya mini, da rana kuma tana wurin Baƙo. Ita da kanta ta ware buta da sabulu a ƙofa, har ni take kora in na manta.

A kwana na goma sha tara ni ne na karaya. Hajja ta yi kwana uku ba ta taɓa abinci ba, cikinta ya shafe, tana kwance a gindin dutse. Baƙo kuwa yana ta ci yana wasa. Na ce a raina, Madam tana Kiribi, ba ta ganin abin da nake gani, in na jira arba'in gawa zan kai masa. Na ɗauki raga da roba na shiga ɗakin ajiya.

Goggo ta tare ni da sanda.

"Ina za ka kai shi?"

"Goggo, ba ke kika ce a haɗa su ba? Hajja za ta mutu."

"Ajiye ragar nan. Zauna."

Na zauna a tabarma ina huci. Ta ce in yi shiru in kalla. Mun fi minti goma ba abin da ya faru. Can sai Baƙo ya matso bututu, ya karkata, ya goga gefensa sau ɗaya da sauri, ya wuce. Goggo ta ce tun jiya yake yi, yau sau bakwai ta ƙirga a carbi. Na haska tocila. A kan fiffikensa na hagu akwai fararen ɗigo uku, ƙanana ƙwarai, waɗanda mai leƙowa ya wuce ba zai taɓa gani ba. Na kashe tocilar. Ragar tana hannuna, falo taku goma ne daga nan.

Na kira Madam, ta ce in fara magani yanzu, in bi ma'auni kamar yadda ta rubuta mini. Sati biyu muna fama, ɗigon suka yawaita har na fid da rai, sannan suka ɓace. Ranar da na tsarkake ruwan daga magani, Goggo ce ta ɓare tsohuwar takardar daga jikin tanki ta miƙo mini biro.

"Rubuta ɗaya."

"Goggo, Hajja fa?"

"Hajja ta yi kwana uku a jarka a kaina, rana tana dukanmu. Za ta jira. Ni zan gaya mata."

Ban san me take gaya mata ba, da Fulatanci take yi ƙasa-ƙasa, goshinta a jikin gilashi. Na dai san Hajja tana karɓar loma ɗaya yau, ta ƙi gobe, ta karɓi biyu jibi, da haka muka ja har takarda ta cika arba'in da biyu.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka kai shi. Hajja ta fito daga bayan dutse kamar ba ita ce ke jinya ba, ta bi shi da gudu ta kora shi kusurwa. Na miƙe zan sa raga, Goggo ta riƙe mini riga. Kwana biyu ana haka. A na uku ya tsaya a gabanta, ya karkata, jikinsa yana karkarwa, ita kuma ta kewaye shi ta ƙyale shi. Da yamma na zuba abinci, ta riga shi kai baki, ta ci, ta ƙara.

Goggo ta naɗe tabarmarta ta dawo da ita falo. Ina riƙe mata buta na ce, "Goggo, kwana ashirin da ukun nan na Malkohi, ki yafe mini."

Ta juyo ta kalle ni.

"Bingel am, ɗana, ni ban ce don me aka tsare mu ba. Garin a tsorace yake, kuma ka ga ko wannan ɗan da muka tsare, ashe da abin da ya ɗauko. Amma kullum la'asar ina zama a bakin ƙofar sansani ina kallon kowane keke da ya tsaya. Sau biyu ka sauko."

Ta karɓi butarta ta tafi alwala.

To, masu tambayar yadda Kamaru take, kun ji. Masu zuwa shago bayan la'asar kuma su tarar da shi a rufe, ku daina yaɗa cewa gadin kifi nake tafiya. Kifin su biyu ne yanzu, ba sa bukatata. Wurin Goggo nake zuwa in zauna, kuma duk mai son a yanka masa gilashi ya zo da safe.